Mushe Ya Gyara Min Faransanci, Ya Ɓata Min Suna

Daga admin: wata 'yar'uwa ce ta turo, ta ce a sakaya sunanta. A karanta har ƙarshe kafin a yi magana.

Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da warhaka. Admin ki taimaka ki cire sunana, duk da na san wanda ya san Madawa sosai zai iya gane ni, kuma inda na kai yanzu ban cika damuwa ba. Don girman Allah ku ba ni shawara, kuma kafin Alhamis nake son ta, saboda abin da zuciyata take raya min in yi ranar, in na yi shi ba ya gyaruwa. Zan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni.

Ni 'yar Babankatami ce, na karanci informatik, wato ilimin kwamfuta, shekara huɗu ke nan ina aiki a biron, wato ofishin, wani proje na raya karkara a Madawa, wanda yake taimaka wa manoma su farfaɗo da filayen da suka zama faƙo. Ni kaɗai ce mai kula da mashinan biron. Muna da ordinater, wato kwamfuta, guda takwas, da wani babba guda da muke kira serber, shi ne rumbun, takardun kowa a cikinsa suke, sauran mashinan ta rezo, wato layin da ya haɗa su, suke leƙawa su ɗauka. A cikin serber akwai wani ɗan fishiye, wato ɗan rubutun umarni, da ake kira exports, bai kai layi goma ba, amma shi ne mai gadin ƙofa, shi yake faɗin wane dosiye, wato jakar takardu, za a buɗe wa wane mashin, wa zai karanta kawai, wa zai iya rubutawa da gogewa. Dosiyen da ya fi kowanne daraja shi ne na gonaki, wato hotunan takardun yarjejeniyar da aka yi da wasu ƙauyukan Ibohamane, kowa da iyakar filinsa, da inda burtalin dabbobi ya bi, da sa hannun maigari da dangwalen yatsa. Takardun ainihi an mayar wa masu su, da yawa gara ta cinye ko ruwa ya jiƙa, shi ya sa ma aka ce mu adana hotunansu. Wata dattijuwa Kirista ce take shigar da su, zan kira ta Madam Rifkatu, wata bakwai ta yi tana wannan aikin har tabarau ta canza. Mashin ɗinta kaɗai na buɗe wa dosiyen, sauran ko ganinsa ba sa yi.

Yanzu ga wanda nake magana a kansa. Shugaban gudanarwar bironmu, kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malam da Faransanci, don tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, kuma shi ya koyar da ni a ajin ƙarshe na firamare. Ba zan ɓoye alherinsa ba don na ji haushi. Da na ci jarrabawa babana ya ce ba shi da inda zai aje ni a Buza, garin da kolej take, in zauna in taya inna aikin gida da na gona, Mushe ne ya yi ta sintiri a kan keke har sau uku sai da baba ya yarda, kuma a gidansa na yi shekara biyu na kolej, matarsa ta ciyar da ni kamar 'yarta. Amma Mushe yana da wata cuta, ba ya iya ganin rubutu ya bar shi. Jan bik, wato jan alƙalami, ne a aljihunsa kullum. Sanarwar da aka manna a bango ya gyara, takardar direba ya gyara, har kwalin mai shayi da ke ƙofar biro ya taɓa sa wa aksan, 'yar alamar nan ta kan harafin Faransanci. Muna dariya a bayansa, ni ma ina ciki, ban san abin zai ci ni ba.

Wata uku da suka wuce diskin da nake aje kopi na biyu na komai ya mutu. Na rubuta takardar neman sabo na kai masa, washegari ta dawo min da jan zane, wai na yi fot biyu, wato kuskuren rubutu. Na gyara na mayar, ta sake dawowa, wai gaisuwar ƙarshe ba haka ake rubuta wa na gaba ba. Ta ukun tana kan teburinsa har abin ya faru. A nan ina da nawa laifin kuma na yarda, da na samo ko kile ne, ɗan filash ɗin nan, na zuba dosiyen gonaki a ciki, amma na ce ai gobe zai sa hannu, jibi zai sa hannu.

Wata Talata aka tura ni Ibohamane in gyara wa ma'aikatanmu na can wayoyin da suke ɗaukar hoto da su, kwana uku zan yi, kuma Mushe ne da kansa ya sa hannu a takardar tafiyar. A ƙa'idar biro, kod ɗin serber, wato kalmar sirrinsa, yana cikin ambulan a rufe a durowarsa, ba a buɗewa sai in na mutu ko na ɓace. Laraba Madam Rifkatu ta kira ni, rezon waya yana yankewa, ta ce mashin ya ƙi yarda ta aje komai a dosiyen gonaki, tana gani amma ba ta iya rubutawa. Na ce ta bari kawai sai na dawo, kada kowa ya taɓa. Juma'a da safe na shigo biro da ƙurar hanya a jikina, na tarar da ita zaune ta zuba tagumi, dosiyen babu komai a ciki, fayau.

Wanda ya goge bai ɓoye ba, bawan Allah. Ɗaya daga cikin ma'aikatan da ke fita ƙauye ne, ya ce ya ga wani dosiye ya ɓullo a mashin ɗinsa wanda bai taɓa gani ba, ya zaci tsohon tarkace ne yake sa mashin nauyi, ya share. Tambayar da kowa ya yi, kuma suna da gaskiya, ita ce ta yaya mashin ɗinsa ya iya gani har ya iya gogewa, alhali ni na ce na kulle. Ni ma ban sani ba. Na duba waya da rezo, lafiya. Na tambayi serber wa ka buɗe wa dosiyen gonaki, sai ya nuna min tauraro, alamar kowa da kowa ke nan. Na duba izinin da ke kan dosiyen kansa, na ga bakwai uku, 777, wato duk wanda ya iso ya karanta, ya rubuta, ya goge, abin da ko a mafarki ba zan sa ba. Na buɗe exports na karanta layin ya fi sau goma, sunan mashin ɗin Madam yana nan, haruffan izinin rubutu suna nan, komai daidai a idona. Har na fara zargin kaina, na ce ko ni na yi da gaggawar tafiya ban sani ba.

Litinin direkta, mai biron gaba ɗaya, ya tara ma'aikata duka. Aka ce in tashi tsaye in yi bayani, na tashi, ba ni da bayanin. Na ce ban san yadda aka yi ba, ina bincike. Direkta mutum ne mai sanyi, ya juya ya tambayi Mushe me ya gani a matsayinsa na babba. Mushe ya cire tabarau ya goge a hankali, ya ce:

"Yarinyag ga ni nak koya mata karatu da hannuna. Amma natsuwa, ita ba a koya ta lakwal."

Wasu suka yi 'yar dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Ya ci gaba wai tun tana ƙarama haka take, hannunta ya fi kanta sauri, ko takardar neman diski sau biyu yana mayar mata. Ina tsaye, shekarata talatin da ɗaya, da 'yata a lakwal, ana ba da labarin yarintata a gaban direbobi da mai gadi. Ban yi kuka a wurin ba, sai da na shiga ɗakin serber na rufe ƙofa. A ranar aka ba ni takardar neman bayani, aka kuma ce sabunta kwantarata ta aiki da zai zo ƙarshen wata an dakatar sai an gani.

Kwana biyu na yi ina tonon diskin serber, na ceto wajen rabin hotunan, su ma babu sunayensu, sai Madam Rifkatu ta buɗe ɗaya bayan ɗaya ta gane na wane ƙauye ne. A rana ta uku na sake buɗe exports, ba don ina sa ran komai ba. A samansa akwai wani layi da na rubuta wa kaina tun shekarar farko, na gargaɗi, mashin ba ya karanta shi. Na san abin da na rubuta, don na daɗe ina ganin kuskuren ina kasalar gyarawa: "ne pas touché". Sai na ga yanzu "ne pas toucher" ne a wurin. Mutum ɗaya ne a duk Madawa zai ga an rubuta kada a taɓa, ya taɓa don ya gyara rubutun kada a taɓa ɗin.

Manhajar da ake gyara fishiyen da ita tana barin tsohon kopi a gefe, na buɗe su biyun na jera. An ƙara layi ɗaya a ƙasa don sabon mashin ɗin direkta, wannan babu laifi, daga kayena, littafin da nake rubuta matakan aiki, aka kwafa. Amma a layin gonaki, ni na rubuta poste3(rw), wato sunan mashin ɗin Madam da izinin rubutu, a manne, yanzu ya zama poste3 (rw). Espas ɗaya, ɗan sarari tsakanin suna da parantez, wato baka. A rubutun Faransanci haka ne daidai, ba a manna kalma da parantez. A wurin serber kuwa, in suna manne ma'anarsa wannan mashin ya rubuta, in aka raba su ma'anarsa wannan mashin ya karanta kawai, duk sauran su rubuta. Ya kulle mai aikin a waje ya buɗe wa gari. Da Madam ta yi ƙorafi Laraba, maimakon ya ce na taɓa wani abu, sai ya koma ya sa bakwai uku, daga baya na ji wani ɗan'uwansa mai gyaran waya a Tawa ne ya ce masa haka ake yi in abu ya ƙi buɗuwa. Lokacin ma yana rubuce a serber, Talata da hantsi, sa'ad da ni ina bayan babur tsakanin duwatsun Keita da takardar da ya sa wa hannu a jakata.

Ban kai wa direkta ba, gidansa na je bayan la'asar, don har lokacin ina ganin girmansa. Na tarar da shi a tabarma yana jin rediyo. Na durƙusa na gaishe shi yadda na saba, na ce:

"Mushe, ran Talata da nit tahi Ibohamane, wa yab buɗe ambulan?"

Bai yi gardama ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Ya ce direkta yana sauri yana son mashin ɗinsa ya ga takardu, shi kuma ya ga matakan a kayena, mene ne abin jira. Na nuna masa takardun biyu da na buga, na sa yatsa a kan sararin. Ya duba ya daɗe, ya ce:

"Fot na ishe, na gyara. Wanga ko ɗan aji biyu ya san shi."

Na ce Mushe, mashin ba ya jin Faransanci. Na yi masa bayani dalla-dalla, ina kallon fuskarsa lokacin da ya gane, kuma na rantse ya riga ya yi zargin haka tun kafin taron Litinin, don bai yi mamaki ba, tsoro kawai na gani. Ya rage muryar rediyon, ya leƙa ko matarsa tana kusa, ya ce:

"Ɗiyata, wata takwas yar rage mini in aje aiki. Ke yarinya ta, kina da gaba. Ki ɗauki laihin, ni ka tsaya miki awa yadda nit tsaya miki gaban babanki."

Ko kalmar yi haƙuri ba ta fito daga bakinsa ba. Washegari na tarar da takarda a teburina, ya rubuta ta da sunana, wai na amsa cewa sakacina ne ya jawo asarar, ina neman afuwa. Ya ce in na sa hannu zai shawo kan direkta a ba ni gargaɗi kawai a sabunta kwantarata. Faransanci mai kyau, babu fot ko ɗaya, sai sunana da wurin sa hannu.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba sai ku. A serber ɗin nan akwai dosiyen Mushe, duk takardun da yake tarawa na aje aiki, tun na shekarar da ya fara koyarwa, wasu ainihinsu sun ɓace sai hoton. Na buɗe shi, na rubuta umarnin gogewa har ƙarshe, yatsana a kan maɓalli, na daɗe a haka. Ban danna ba. Amma na cire masa izini a kan dosiyen, na bar shi yini guda. Ina zaune ina kallonsa ta taga yana danna linzamin mashin, yana cire tabarau yana mayarwa, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Sau uku yana zuwa ƙofata, ina ce masa ina dubawa Mushe, wataƙila fot ne a wani wuri. Na ji daɗi, ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗi ƙwarai. Da yamma na mayar masa, kuma ko kusa zuciyata ba ta huce ba, don ni kaɗai na san me ya faru, shi kuwa a gaban jama'a ya yi min.

Alhamis ɗin nan manyan proje za su zo daga Yamai su ji yadda aka yi asarar, da wakilan ƙauyukan, don damina ta ƙarato kuma har an fara jayayya a kan wani fili da ke bakin burtali, takardarsa na cikin waɗanda ban ceto ba. Ni ce mai haɗa majigi. Na riga na shirya shafi ɗaya, layina a sama, nasa a ƙasa, na zagaye sararin da ja, da rana da lokaci, da hoton takardar tafiyata mai sa hannunsa. Har abin da zan faɗa na haddace, in ce ga darasin Faransanci da Mushe ya ba serber ɗinmu. Ina so in ga ya tashi tsaye, ina so a yi masa dariyar nan. In na yi haka na san ba zai kai wata takwas ɗin ba, buɗe ambulan kaɗai ya isa a sallame shi, balle ƙarya ga direkta.

Madam Rifkatu na nuna wa shafin, ita da aikinta na wata bakwai ya tafi. Ta ce kada in sa hannu a ƙarya, wannan kam ko kusa, amma in kai wa direkta a ɗaki, mu biyu da ita shaida, a bar tsoho ya fita da rigarsa a jikinsa. Na ce Madam, in a ɗaki aka yi, direkta zai lulluɓe, a ce matsalar mashin ce, a sabunta min kwantara shiru, kuma duk wanda ya ji an ce ba ni da natsuwa zai ci gaba da riƙe hakan har in mutu. A garin nan aikin informatik nawa ne, kuma wa zai ba macen da aka ce ta zubar da takardun gonaki amanar serber ɗinsa? Ta ce min ramuwa ba ta dawo da hoto ko ɗaya. Na san haka, ai ba hotuna nake nema da ita ba.

Na kira babana, na zaci ko shi zai ji min zafi. Ashe Mushe ya riga ni kiransa. Bai bari na gama ba ya ce:

"Mutumen da yab biɗo miki karatun da kike taƙama da shi, shi za ki tsaida gaban mutane? In kin yi, ba da yawuna ba."

Mijina shi cewa ya yi in nuna, in ma ban iya ba shi zai zo ya nuna, to amma shi bai ci tuwon gidan Mushe shekara biyu ba, kuma ba shi zai haɗa ido da matarsa a wurin suna ko biki ba.

Jiya na shiga kasuwa sayen albasa, ina sanye da rigar proje. Matar da nake ciniki da ita ta kalli tambarin, ta ce ita daga wajen Ibohamane take, gonar mijinta tana cikin waɗanda aka ɗauki hotonsu. Tana zuba min gyara tana cewa:

"Ke ma biron ga kike? Wai wace ɗiya ta tac cinye muna gonaki cikin mashin? An ce wata marar natsuwa ta."

Maganar har ta haye duwatsu ta kai ƙauye, da kalmarsa a ciki. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa ban san ta ba, sabuwa ce ni. Na karɓi albasata na wuce.

To 'yan'uwa ku gaya min. Sa hannu dai na ji a raina ba zan iya ba, ko da baba zai yi fushi. In bi Madam in kai wa direkta a ɗaki, in haƙura da abin da aka riga aka faɗa a kaina? Ko in haska shafin nan ranar Alhamis a gaban kowa, in rasa babana da gidan da ya riƙe ni, tsoho ya fita ba girma? Masu cewa ki bar wa Allah, na ji, na gode, amma ku haɗa min da abin da zan ce wa matar nan in na koma kasuwa ta sake tambayata wace ce.